Sunan Ata a Tsawon Katako

Ak-Bulak, 8 ga Nuwamba, 2003

Baban Sezim,

Gaisuwa mai yawa daga gida. Ina fata kana lafiya, kuma tarin da ƙurar gini ta sa maka a Novosibirsk ya sake ka. Mahaifinka Ata lafiya lau, sai gwiwa da take damunsa in sanyi ya yi yawa. Mahaifiyarka Apa ta ce a gaya wa ɗanta ya riƙa sa hula, wai tun kana yaro ba ka jin magana sai ciwon kunne ya kwantar da kai. Mun gama haƙar dankali, an shigar da ciyawa, tumaki sun sauko daga dutse. Dusar ƙanƙara ta fara tun makon jiya, tudun bayan makaranta ya yi fari fat.

Kamar kullum, sai na karanta wa Ata da Apa wasiƙar nan kafin in liƙe ta. Saboda haka abin da zan faɗa maka, a gabansu nake faɗa.

'Yarka ta daina fita. Tun da yaran layinmu suka fara bin bayanta suna kwaikwayon ɗingishinta, ta ɗauke ƙafa daga waje. Shekararta biyar, amma ta koyi zaman taga kamar tsohuwa. In na ce ta je ta yi wasa sai ta ce ƙafarta ta hagu ce ke ciwo. Ƙarya ce. Ƙafar gajera ce tun haihuwa, amma ba ta taɓa yi mata ciwo ba.

Ranar Laraba na ja ta da ƙarfi zuwa shago, muka bi ta gefen tudun. Damira eje, wato Yaya Damira, malamar da ke koya wa yara zamiya a kan ƙanƙara, tana can da 'yarta. Ta dubi Sezim ta ce, "'Yar wa ce wannan mai kumbura baki? Zo nan in gani ko bakin zai sace." Kafin in ce wani abu ta ɗaura mata katakon zamiyar 'yarta guda biyu a ƙafafu, ta cusa mata safar hannu a ƙarƙashin diddigen hagu, ta tura ta. Ta faɗi. Ta tashi, ta sake faɗi. A na uku ta sulale kamar taku goma, ta yi dariya. Rabona da jin dariyar nan tun bazara, ka san kuwa ni ba mai saurin kuka ba ce, amma sai da na juya baya.

Damira eje ta ce za ta ɗauke ta a cikin yaran da za su fara ranar uku ga Janairu. Koyarwar kyauta ce, amma kowane yaro da kayansa, don na makaranta duk sun karye. Wanda bai zo da katako a ranar ba, sai baɗi.

Ranar Lahadi na bi motar madara zuwa Karakol. Sabon katakon yara kuɗin rago guda ne. Mai shagon ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce, "Eje, wannan na 'yan yawon buɗe ido ne." A gwanjo kuwa babu ƙanana ko ɗaya. To kai kana ƙasar da ake zubar da abin da muke nema. Ka shiga kasuwar gwanjo ta can ka samo mana tsoho mai araha, ko ya ƙoƙe ba komai. Takalmi da sanduna ni zan san yadda zan yi.

Damira eje ta auna ta da igiya. A tsawon katakon, sunan Ata nake so, ba ƙari ba ragi. Ka san bakin matar ɗa ba ya faɗin sunan uban mijinta, kai sai ka gane.

Taka,
Jipar

Ƙari: Na karanta musu. Apa ta ce in soke zancen zamiya gaba ɗaya, wai yarinya mai irin wannan ƙafa a ɗaki ake rufa mata asiri, ba a kai ta kan tudu gari ya sha kallo. Ata kuwa shayinsa kawai yake sha. Na ce, "Apa, tawada ta riga ta bushe."

Novosibirsk, 30 ga Nuwamba

Jipar,

Na samu wasiƙarki, na gode Allah da kowa yake lafiya. Ki gaida Ata da Apa da kyau, ki ce wa Apa hula tana kaina har a wurin cin abinci. Ki sumbaci Sezim a goshi. Tari ya tafi. Mun kai bene na tara, iskar da ke can sama kuwa ba a magana.

Zancen yaran nan ya tsaya mini a rai. Da ina gida da na san kunnen da zan murɗe.

Lahadi biyu na yi ina yawo a gwanjo. Ƙanana ba sa kai hantsi, mutane wawaso suke yi. Amma Allah ya haɗa ni da wata tsohuwa da ke sayar da tarkacen gidanta a bakin ƙofar kasuwa. Katakon ɗanta ne, tun yana ɗan shekara goma sha biyu, yanzu har ya yi furfura. Icce ne mai ƙwari irin na da, ko tsagewa babu. Na ɗaukar mata buhu zuwa gida, na gyara mata ƙofa, ta kusa ba ni shi kyauta. Santimita ɗari da arba'in ne. Kin san yadda ake saya wa yaro kaya, da girma ake saya. Wannan sai ta yi shekara shida tana morarsa.

Sai zancen suna. Sau uku na karanta layin nan kafin in gano wayonki. Kai, Jipar! Wa ya ce ba ki iya zama da tsofaffi ba? Wato a rubuta sunan Ata a jikin katakon, in ya ga jikarsa tana ɗauke da sunansa a gaban gari, zuciyarsa ta yi laushi, Apa kuma ta rasa abin cewa. Abokin aikina Bakit mai fenti ne ya rubuta, da jan fentin da ya rage mana. Daga hanci har wutsiya, a kan kowane ɗaya, manyan haruffa: TOKSONBAI. Ba ƙari ba ragi, yadda kika ce. Bakit ya ce ko allon gidan gwamna bai taɓa ɓata wa lokaci haka ba.

Abu ɗaya nake roƙo, kada ki yi sa-in-sa da Apa. Ba ƙin yarinyar take yi ba, tsoro take ji. In Ata ya ce a'a, ki haƙura.

Na ba Sagin baike, wato Yaya Sagin direban bas, saƙon, tare da ganyen shayi, da alawa, da mayafi na Apa. Ki rubuto ki gaya mini yadda fuskar Ata ta yi.

Mijinki,
Meder

Ak-Bulak, 14 ga Disamba

Baban Sezim,

Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Na fara da wannan ne don da shi ake farawa. Wannan wasiƙar ban karanta wa kowa ba, da hannuna zan miƙa wa Sagin baike a bakin hanya.

Shekara talatin da huɗu kana ɗan mutumin nan, ba ka taɓa tsayawa ka saurari sunansa ba? Cire gutsuren ƙarshe, wanda ke nufin mai arziki. Me ya rage? Lamba ce! Tamanin da goma. Ɗari ba goma. Kai da bakinka ka ba ni labari cewa shekarun kakansa ke nan ranar da aka haife shi, shi ya sa aka raɗa masa. Santimita nake nufi, bawan Allah. Shekara bakwai ina gidanku ina cewa tamanin da goma, har masu shago sun saba suna maimaita mini. Da na rubuta lambar, da dole in karanta ta da baki a gaban mai sunan. Kowace mace a Ak-Bulak da ta ji layin nan za ta gane. Kai da Bakit ɗinka kuka je kuka jiƙa fenti.

Ka ce in gaya maka yadda fuskar Ata ta yi. To saurara.

A gaban maƙwabta aka kwance saƙon, don sun shigo shan shayi da suka ji bas ya iso. Sezim ta yi ta tsalle. Ta miƙar da katakon tsaye, ta ɗaga hannu, ko hancinsa ba ta taɓo ba. Ba ta damu ba. Ta shimfiɗa su a ƙasa, ta ɗaga ƙafa za ta hau. Sai Apa ta daka tsawa, "Sauka! Sunan kakanki za ki taka?" Ta juyo kaina ta ce, "Kelin, matar ɗana, ke kika sa aka rubuta? Sunan da bakinki bai isa ya faɗa ba, shi za ki sa gurguwa ta tattaka a gaban gari?"

Gurguwa, Baban Sezim. A gaban yarinyar, a gaban baƙi.

Ata ya ajiye kofinsa, ya tashi, ya kwashi katakon, ya fita. Can saman rumbun ciyawa ya ɗora su, ya janye tsani. Sezim ta shige bayan akwatin barguna, ba ta fito ba sai da baƙi suka watse. Alawarka tana nan ba ta taɓa ba.

Washegari na ce a bari in kankare fentin. Apa ta ce sunan mai rai ba a kankare shi, ko so nake in jawo mana mutuwa. Na ce a shafe da wani fenti, ta ce duk ɗaya ne. Ga shi ko ba sunan ma, Damira eje ta ce in aka ɗora yarinya 'yar shekara biyar a kan ɗari da arba'in, gwiwa za ta murɗe. Riga ake saya da girma, ba wannan ba.

Ni dai na yi nawa. Shimfiɗar gashin tumakin da na yi wata huɗu ina ɗinkawa don ranar dawowarka, na ba ƙanwar Damira eje, ta ba ni tsohon takalmin zamiyar 'yarta. Sai ka zauna a kan tsohuwar. Na sa mai gyaran takalmi ya ƙara wa na hagu tudu daga ciki. Sanduna na yanko a bakin rafi na feƙe. Sezim tana sa takalmin tana zagaya ɗaki, ƙwas ƙwas, kullum tana tambayata saura kwana nawa. Ina gaya mata gaskiya, saura ashirin da ɗaya, saura ashirin.

Ka rubuto wa Ata. Kai ka sa aka rubuta sunan, kai za ka ce masa kuskurenka ne, ya sauko da su a san abin yi. Kada ka ce mini in haƙura. Na haƙura da abubuwa da yawa a gidan nan ban taɓa gaya maka ba, wannan ba ya cikinsu.

Jipar

Novosibirsk, 23 ga Disamba

Jipar,

Gaisuwa gare ku duka. Ni lafiya lau, sai kunya.

Tokson. Casa'in. A kan bokitin fenti na zauna ina maimaitawa, Bakit yana dariya har da riƙe ciki, sai da na jefe shi da hula. Wallahi ni tunda nake ban taɓa jin lamba a cikin sunan ba. Sunan ubana ne kawai. Ki yafe mini.

Na koma gwanjo ranar Lahadi tun da sassafe, babu ƙanana. Wani ya ce sai sanyi ya wuce mutane suke fito da su. Zan samo daidai, casa'in cif, in aiko kafin kaka.

Amma zancen in rubuta wa Ata, ba zan iya ba. Ke ma kin sani. Yaushe na taɓa gaya masa abin da zai yi a gidansa? Tunda ya ɗora su sama, ya yi magana ke nan. Kada ki taɓa katakon nan, Jipar, ina roƙonki. Ni ina nan nesa, ke ce za ki ci gaba da zama da su a tebur ɗaya. Kalmar da Apa ta faɗa ta yi mini zafi ni ma, amma tsohuwa ce, bakinta ya riga hankalinta.

Kuma bari in faɗa miki abin da ban faɗa ba a wasiƙar farko. Ni ma ina tsoro. In ta hau tudun ta faɗi aka yi mata dariya, ba na nan. A ɗaki ko ba komai ba wanda zai nuna ta da yatsa. Shekara guda ba wani abu ba ne, baɗi ƙafarta ta ƙara ƙwari.

Da na ɗaga katakon a kasuwa na auna shi da ƙirjina, a raina na ce ai ta kusa kai nan. Shekara biyu ban ga 'yata ba. Ban san tsawonta ba.

Ki bari sai baɗi.

Meder

Ak-Bulak, 5 ga Janairu, 2004

Baban Sezim,

Barka da sabuwar shekara. Kowa lafiya, gwiwar Ata ta yi sauƙi, baƙar tunkiya ta haifi tagwaye. Wasiƙarka jiya ta iso, ƙanƙara ta toshe hanya kwana tara. Ta makara da kwana biyu. Ko da ta zo da wuri ba abin da za ta canja, gara in gaya maka kada ka ɗora wa hanya laifi.

Ka ce shekara guda ba wani abu ba ne. Ga yarinyar da ke zaune a taga, ka zo ka zauna tare da ita wuni ɗaya ka sake faɗa.

Ranar Juma'a da safe, bayan na gama tatsa, na jawo tsani na hau rumbu na sauko da su. Ban ɓoye ba. A tsakar gida na ɗora su a kan kututturen faskare, na ɗauko zarton Ata, na zaro igiyar Damira eje daga aljihu. Na auna daga hanci. Igiyar ta ƙare daidai bayan harafi na shida. Wallahi ban shirya haka ba, Bakit ɗinka ne ya yi manyan haruffa.

Na gama yanke na farko ina kan na biyu Apa ta fito, hannu duk ƙullin burodi. "Wayyo Allah, ta yanka sunan mai gida! Kelin, kin haukace?" Na ce, "Apa, matsa kaɗan, garin katako zai shiga miki ido." Matar maƙwabcinmu har ta ɗora haɓa a kan shinge. Ban tsaya ba sai da wutsiyar ta faɗi.

Ata ya fito daga wurin doki. Ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo. Ya nuna katakon da sandarsa ya ce, "Kelin, me aka rubuta a nan?"

Na ce, "Tsawon katako ne, Ata."

Ya ce, "Nawa ne tsawon?"

Na san abin da yake yi. So yake in sunkuyar da kai in ce tamanin da goma, Apa ta ce to kin gani, suna ne. Sezim tana bakin ƙofa da takalminta a ƙafa tana kallona.

Na ce, "Tokson."

Na faɗa, ga shi yanzu na rubuta. Apa ta toshe baki da hannun ƙullin nan. Matar maƙwabci ta ɓace daga shinge, kafin azahar gari ya ji.

Ata ya sunkuya ya tsinci guntayen biyu, kowane da BAI a jiki. Ya jujjuya su ya ce, "Arzikin kika yanke. To, dama ban taɓa ganinsa ba." Bai yi dariya ba. Ya karɓi zarton, ya duba haƙoransa, ya ce in mayar inda na ɗauka. Bai ce ya yarda ba, bai kuma mayar da katakon sama ba. Ni ban tsaya tambaya ba, na kwashe su na kai wa Damira eje, ta matso da ƙarafan da ke riƙe takalmi zuwa tsakiya, ta goge bakin yankan.

Kwana uku ke nan Apa ba ta ci burodin hannuna ba, shayinta ma ita take haɗawa. In na shigo ɗaki sai ta juya wa bango magana. Ina gaishe ta safe da yamma, ina kai mata ruwan ɗumi, ba zan fasa ba. Haƙuri kuwa ban ba ta ba, don ban ga na mene ne ba. In ka dawo kana da fushi, ka zo da shi, ina nan.

Ranar Asabar muka je. Yara goma sha huɗu. Sezim ta saɓa katakonta a kafaɗa ta hau tudun da ɗingishinta, wasu suka yi dariya, na ji su da kunnena. Wata ta ce mata, "Me aka rubuta a naki?" Ta ce, "Casa'in mana, ba ki iya karatu ba?" Ta faɗi ya fi sau goma. Sau ɗaya ta yi kuka, Damira eje ta ce, "Ki gama ki tashi, ƙanƙara ba ta son ruwan zafi." Ta tashi. Asabar mai zuwa ma za mu koma.

Da za a tashi, Damira eje ta jera su duka a sama don gangara ta ƙarshe, ta ce iyaye mu sauka ƙasa mu jira. Na tsaya cikin mata, rana tana dukan idona, yaran duk sun yi fari da ƙanƙara daga hula har ƙafa. Tun ranar da Sezim ta fara tafiya, ko cikin yara ɗari ne daga nesa nake tsinto ta, kafaɗa ɗaya tana sauka tana tashi. Shi na tsaya nema. Suka gangaro gaba ɗaya suna ihu. Na duba daga wannan gefe zuwa wancan, na sake dubawa.

Baban Sezim, ban gane ta ba. Sai da ta zo ta bangaje ni muka faɗi tare.

Jipar